Bayan Halima Ba Ya Gajiya

University Heights, Bronx
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki? Ya zafin Damagaram? A gaida min Yaya Kadri da duk mutanen Birni. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigida Malam Nafi'u yana nan yana fama da tasinsa da ciwon bayansa, ni kuma ina nan da tsohuwar da nake kula da ita, wadda har yau ba ta iya faɗin sunana ba. Kamar kullum na rubuta da hannu na ɗauki hoton takardar na turo miki, tunda kin rantse ba kya maganar kirki da baki a waya.

Albishirinki, har biyu. Na farko, cikin Yusra ya tsufa. Likita ta ce ƙarshen Yuli in Allah ya kai mu, kuma mace ce. Nan ba a ɓoye komai, Yaya, har hoton yarinya sun ba mu tun tana ciki. Sai ki fara shirya mata baiti a waƙar goyo. Yusrar nan da in na yi mata Hausa take mayar min da Turanci, ita da bakinta ta ce, "Mama, ki tuna wa Iya Ramatu sunan bebina a waƙa." Ta san tun rasuwar Inna waƙar tana hannunki, ba mai ƙara suna sai ke. Ta san ranar arba'in ake yi, ranar da za a fara ɗora jaririyar a bayana. Wallahi sai da na juya na goge ido. Ashe duk shekarun nan tana ji, shiru kawai take yi.

Na biyu kuwa, ki gyara zama. Kin tuna Yefri, ɗan maƙwabciyata Altagrasiya, mutuniyar Dominika mai gyaran gashi? Yaron da na rena lokacin da uwarsa ke wuni a shago? To wannan mai majinar ya zama mawaƙi. Ya yi wata waƙa da yarensu na Sifaniyanci, yau ba inda ba a jin ta. In na sauka kantin ƙasan gidanmu, ita ce. In na hau titin Fordham, duk motar da ta sauke gilashi, ita ce. A jirgin ƙasa yara sun toshe kunne amma ƙafafunsu na bin ta. Malam ya ce fasinja har roƙonsa suke ya ƙara murya in an sako ta. Amadou mai jakunkuna a Canal Street ya ce masu sayar da lasifika da ita suke gwada wa mutane kaya. An ce ita ce ta ɗaya a gidajen rediyonsu, har da na Turanci da ba sa jin ko kalma ɗaya daga abin da yake faɗa.

Ga inda abin ya shafe mu. Amshin waƙar, muryar waƙar goyonmu ce! Ranar da na fara ji ina zaɓen albasa a kanti, sai kawai na ji "ayye goyo, ayye goyo" ta fito daga lasifika, ganguna na dukan ƙarƙashinta. Albasa ta watse a ƙasa. Mai kantin ya zaci juwa ce ta kwashe ni, ya jawo min kujera. Na ce masa, "Waƙar uwata ce!" Bai gane ba, ya miƙo min ruwa.

Yaron ya zo da kansa ya gaishe ni, da wani baƙin tabarau kamar mai walda. Ya ce, "Mama Halima, kin ji?" Na ce na ji, ja'iri, cire wannan abin in ga idonka. Yaya, waƙar Inna da ba ta taɓa wuce zaurenmu ba, yau ta zama ta duniya. Ni dai farin ciki ya ishe ni.

Ƙanwarki,
Halimatu

*

Birni, Damagaram
Watan Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi. Kadri yana amsawa. Allah ya sauki Yusra lafiya.

Na yi jinkirin amsa ne don ina so in ji da kunnena. Na ji. Ba sai na je Amirka ba, ta iso mu. 'Yan kabu-kabu da ke tsayawa bakin kasuwar Dole suna kunna ta a waya suna girgiza kafaɗa. Matar Kadri ta nuna min bidiyon. Na ga 'yan mata da guntayen wanduna suna tsalle a kan mota, bakinsu na cewa ayye goyo. Na mayar mata da wayarta.

Kin rubuta "ta zama ta duniya", kina murna. Ni da na karanta, jikina ne ya yi sanyi. Ko kin manta abin da ke cikin waƙar nan? Sunayen duk wanda ya hau bayan matan gidanmu ne, tun daga Kaka, kuma rabinsu suna ƙasa. Inna tana ciki. Baba Tamimu yana ciki. Shamimata tana ciki, wadda ba ta shekara a duniya ba. Ba inda sunan yarinyar nan ya rage sai a waƙar nan, Auta. Ko ubanta ya daina ambatonta kafin ya rasu. Yau ga shi ana kurɓar giya a kanta.

Reno aka ba ki. Ki ba yaro madara, ki tura shi a keken jarirai yadda kuke yi can, uwarsa ta dawo ta ɗauki abinta. Ba a ce ki juye masa kayan gida ba.

Ga maganata. Abin da ya zama na duniya ba ya buƙatar Ramatu. Ba zan sa sunan jaririya a waƙar da ake rawa da ita a titi ba. Na rufe ta a kan Yusra. In kina son baiti, ga ɗan Dominika nan kusa da ke, ya yi muku.

Amadou ya zo ganin gida. Zan ba shi turaren wuta da kanwa da garin kunu ya kawo wa mai jego. Kada ki bari ta sha ruwan sanyi, na san halin ƙasarku.

Ramatu

*

University Heights
Watan Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafafun Yusra sun ɗan kumbura, likita ta ce ba komai.

Haba Yaya! Haba! Takardarki a tsaye na karanta ta a tashar bas, bas ta zo ta wuce ban gan ta ba. Ni Halimatu ce zan kai sunan Shamima gidan giya? Ni da na yi mata wankan farko? Ki saurara da kyau, in ma za ki iya daurewa ki sake ji. Babu sunan ɗan gidanmu ko ɗaya a waƙar yaron nan. Murya ya ɗauka, da "ayye goyo", sauran duk yarensu ne. Shamima tana nan inda kika ajiye ta, ba wanda ya taɓa ta.

Maganar 'yan matan bidiyo kuwa, na riga ki. Na tare shi a matakala na wanke shi tas. Ya ce ba shi ya zaɓo su ba, masu shirya hoton ne. Na ce to bakinka aron sa ka yi? Uwarsa ma ta taya ni, ita da yarenta ni da nawa, ya rasa wadda zai ba haƙuri.

Kin ce na juye masa kayan gida. Yaro yana tsala kuka, me zan rera masa? Wata waƙar gare ni? Ke kina da tsakar gida, kina da Yaya Kadri, a lokacin kina da Inna. Ni ina hawa na huɗu, ƙanƙara ta rufe taga, Malam ya fita tun asuba, ba mai ce min sannu da Hausa har yamma. Waƙar nan ita ce Damagaram ɗina. In ina rera ta ina jin kamar in na leƙa zan gan ki kina tankaɗe. Ban san yaron yana ajiye ta a kansa ba, kuma ko da na sani, da ban fasa ba. Yaron da bayana ya san nauyinsa kike kira ɗan Dominika kamar wani ɓarawon kasuwa. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

To a ce ni na yi laifi. Jaririyar da ba ta ma zo ba, me ta yi? Yusra nan aka haife ta, nan ta yi karatu, sau ɗaya ta taɓa ganin Birni. Cikin duk al'adunmu wannan kaɗai ta buɗe baki ta roƙa. In aka hana ta, me kuma zai sake jawo ta wajenmu?

Na san waƙar daga farko har ƙarshe, kin sani. Zan iya ƙara baitin da kaina, ba wanda zai gane a nan. Ba zan yi ba. Abin da Inna ta bar miki ba zan fizge ba. In kin rufe, ta rufu. Amma ban gaya wa Yusra ba, kuma ba ni zan gaya mata ba.

Halimatu

*

University Heights
Watan Agusta

Yaya Ramatu,

Assalamu alaikum. Da fatan gwiwa ba ta tashi da damina ba.

Na ga alamar kin buɗe takardata tun ranar da na turo. Shiru. Na kira, matar Yaya Kadri ta ce kina salla. Na sake kira, kina salla. Allah ya karɓa, wannan salla mai tsawo haka.

Ko kina fushi dole in gaya miki da hannuna. Yusra ta sauka lafiya. Mace, baƙa sitik mai gashi, da hancin Inna sak. An yi suna, an sa mata Najat. Masallacinmu ya cika, mutanen Nijar da na Kano da na Kumasi, Adwoa ta hawa na biyu ta dafa shinkafa da wake tukunya guda ba a bar ko ƙanzo ba. Saƙonki ya iso, gidan duk ƙanshin turarenki yake. Mun gode.

Ki ji wani abu. A ɗakin haihuwa, nas ɗin da ke riƙe da hannun Yusra tana ta gunguni da hanci, ba ta ma san tana yi ba. Waƙar Yefri ce. Yusra tana tsakiyar naƙuda ta fashe da dariya, ta ce, "Mama, ji, har nan ta biyo mu." Ni ban yi dariya ba, ke na tuna.

Kullum sai ta tambaye ni, "Iya ta gama baitin?" In ce tana shiri. Ƙarya ba ta yi min kyau, Yaya. Arba'in tana matsowa. Ko zagi ne ki rubuto, ya fi min wannan shirun.

Ƙanwarki,
Halimatu

*

Birni, Damagaram
Watan Agusta

Auta,

Barka da arziki. Allah ya raya Najat, ya sa mahaddaciya ce. Na ga hoton. Hancin Inna ne, amma goshin nawa ne. A ci gaba da ba uwar kunun kanwa da zafinsa.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. To, da farko fushi ne. Daga baya wani layi ne a takardarki ya tsaya min a rai, na karanta na ajiye, na sake ɗauka. Kin ce "yaron da bayana ya san nauyinsa".

Shekarun baya da kika rubuto cewa kina renon ɗan maƙwabciya, ni keke na gani a raina, irin wanda kika turo hoton Yusra a ciki. Ban taɓa kawo wani abu daban ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki. Kada ki yi min dogon labari, na san ki. Yaron nan, a keke kika tura shi, ko goya shi kika yi? In goyo ne, da wane majanyi? Kuma bayansa kin sake goya wani?

Ramatu

*

University Heights
Watan Agusta

Yaya,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Mai jego da baƙuwa suna lafiya. Kin ce kada in yi dogon labari. Ki yi haƙuri, ba a haife ni da gajere ba.

Goya shi na yi. Da majanyin Inna, saƙin nan mai baƙi da fari da ta sa min a akwati ranar da zan taho. Bayansa ban sake goya kowa ba, Allah bai ƙara ba ni haihuwa ba, kin sani.

Keke akwai, uwarsa ta kawo, mai tsada ma. Yaron nan in aka sa shi ciki sai ya sandare yana ihu har maƙwabta su buga bango. Ciwon ciki gare shi tun yana jariri. Altagrasiya ta kai shi asibiti ta gaji, ita ma ta rame, ga shago, ga ba miji. Rannan na ce kawo shi nan. Na sunkuya, Yusra tana 'yar ƙarama ta turo min shi ta riƙe ƙafarsa, na ɗaure, na fara jijjiga ina rerawa. Kafin in gama 'ya'yan Kaka ya yi luf. Uwarsa ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Tun daga ranar a bayana ya girma. Da shi nake tuƙa tuwo, da shi nake hawa matakala, da shi nake raka Yusra makaranta, Turawa suna tsayar da ni suna tambaya ko ba zai faɗo ba. Har ya yi wayo, in ya ga na ɗauko majanyi sai ya zo ya kama zanena.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba, don ni ma ban daɗe da sani ba. Ni amshi kawai nake ji a waƙarsa, sauran surutu ne a kunnena. Yusra tana jin yarensu, nan ta taso cikinsu. Shekaranjiya tana shayarwa aka sako waƙar a wata mota a ƙasa, na ce wai me yake ta faɗa ne haka? Ta dube ni ta ce, "Mama, ba ki sani ba?" Ta fassara min.

Ba waƙar 'yan mata ba ce, Yaya. Cewa yake akwai wata mata a hawa na huɗu da ta ɗaure shi a bayanta, tana rera masa sunayen mutanen da bai sani ba, suna bayan suna, wannan ya hau ya sauka, wancan ya hau ya sauka. Ya ce kullum yana kasa kunne yana jiran a zo kan nasa, kullum barci yana ɗauke shi kafin a zo. Ya ce har yau da ya girma, in ya rasa barci a ɗakin otal, lissafa su yake, yana jira.

Yaya, yaron nan ya ɗauka sunansa yana ƙarshen waƙar. Ya ɗauka barci ne ya hana shi ji. Duk mutanen da ke tsalle a titi, abin da suke rerawa ke nan.

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Yusra ta ji ni. Ban taɓa sa sunansa ba, ba hurumina ba ne. In na zo kan Yusra sai in koma amshi. Bai taɓa tambayata ba, ni kuma ban san yana jira ba.

Na amsa tambayarki. Sauran ya rage naki.

Halimatu

*

Birni, Damagaram
Watan Satumba

Auta,

Ina gaida mai jego. Ruwa ya yi kyau bana, gero ya fitar da kai.

Ke dai har ki tsufa ba za ki iya ba da labari daga inda ya kamata ba. Kin cika min takarda da albasa da masu lasifika, kin bar maganar a baya. Da tun farko kin ce majanyin Inna, da duk ba a yi wannan ba.

Ki tuna waƙar da kyau. A 'ya'yan bayan Inna, tsakanina da ke wa yake? Agali. Agali ɗan uwanmu ne? Ɗan Buzayen da suka sauka a zaurenmu ne shekarar yunwa, uwarsa ba lafiya, Inna ta goya shi har ya yi ƙafa. Kaka da kanta ta sa shi. Waƙar nan ba ta haihuwa ba ce, ta goyo ce. Ba a tambayar jariri garinsu ko addininsu. Wanda ya hau ya hau. Yaron nan ba ɗauka ya yi ba, nasa ne, mu muka riƙe masa. Shekara da shekaru waƙar tana da giɓi a hannuna ban sani ba. Wannan ya fi 'yan matan bidiyo ɓata min rai.

Dama ina ta tunanin yadda za a yi ranar arba'in. Wanda ya sauka a ƙarshe shi ke ɗaukar sabo ya ɗora. A lissafina Yusra ce ta ƙarshe a bayanki, kuma uwa ba ta ɗora ɗanta, balle na fari. Ashe Allah ya riga ya tanadi mai ɗorawa. Ga baitin:

Ayye goyo, ayye goyo,
bayan Halima ba ya gajiya.
Yusra ta hau, Yusra ta sauka,
ta ɗauki Yefiri ta ɗora.
Yefiri ya hau, Yefiri ya sauka,
ya ɗauki Najat ya ɗora.

Sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya zo da ƙafarsa ya ɗora ta da hannunsa. Ban san rediyo ba, ban san ta ɗaya ba. Agali daga Agadas ya taho don ya ɗora ki, yana ɗan yaro a bayan raƙumin ubansa. In bai zo ba, ba Najat, don ba a tsallake suna.

Na biyu, ki gaya masa ya ɓata muryar. "Goyo" na biyu sauka yake yi ƙasa, shi ya ɗaga shi sama. Waƙar sa barci ce, ya mayar da ita ta hana mutane barci. Wadda ya sayar wa duniya ya je can da ita, ba ruwana. A cikin gida a yi ta daidai.

Kada ki gaya masa akwai sunansa. Ki ce aiki ne zai yi wa ƙanwarsa. Ranar ki kira ni, ni zan rera. Na san na ce ba na maganar kirki a waya. Waƙa ba magana ba ce.

Ramatu

*

University Heights
Watan Satumba

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ya muryar taki, ba ta dushe ba? Kowa lafiya. Ke murya kawai kika bayar, ba ki ga abin da ya faru a ɗakin ba, don kin ƙi yarda a kunna hoto. To bari in zama idonki.

Da farko na sha wuya kafin in same shi. Lambarsa wani ne yake ɗauka yanzu, wai manajansa, ya ce min Yefri yana da wasa a Miami ranar, an cika fili. Na ce ni ban san fili ba, ka ce masa Mama Halima ce. Bai isar ba. Sai na sauka wajen Altagrasiya. Ta ajiye kan wata mata rabi a kitse, ta ɗauki waya, ta yi ta zuba yarensu kamar ana soya gyaɗa. Ta ajiye ta ce min, "Zai zo." Amma har safiyar ranar gabana faɗuwa yake, ina tuna kin ce in bai zo ba, ba Najat.

Hantsi ya yi, mun share ɗaki, turarenki na tashi, shiru. Yusra ta kai taga ta dawo, ta kai ta dawo. Sai muka ji ihu daga ƙasa kamar an ci ƙwallo. Duk yaran layin sun taru a ƙofa. Lif ɗinmu kuwa ya mutu kamar kullum, da ƙafa ya hawo, yana haki, jirginsa na yamma ne. Na ce cire tabarau. Ya cire. Na ce cire zobban nan kada ka karce min jika. Ya zube su a faranti. Na ce je ka wanke hannu. Malam yana gefe yana dariya, wai mutumin da duniya ke layin gani ne nake aika banɗaki.

Na isar da saƙonki na murya. Ya gwada, ya ɗaga. Na ce sauka. Ya sake, ya ɗaga. A na gaba ya sauke ta daidai, sai ya ce, "Haka take. Na manta haka take."

Da na fito da majanyin Inna, Yaya, yaron nan ya gane shi. Ya kai shi hanci. Sannan ya miƙo min.

Sai kika fara. Kin ji ɗakin ya yi tsit, ai. Na sunkuya, Najat tana hannunsa, ya riƙe ta a tsorace kamar ba shi ke riƙe makirfo gaban dubbai ba. Kika taso tun daga Kaka. Leɓensa yana bin ki, suna bayan suna, har Baba Tamimu, har Agali. Da kika zo kan Shamima muryarki ta ɗan tsaya, na ji, shi kuma ya faɗe ta a hankali tare da ke. Bai san ko wace ce ba, amma ya riƙe ta duk shekarun nan. Na ce dole in gaya miki wannan.

Kika shigo bayana. Yusra ta hau, Yusra ta sauka. A nan ya saba jin na koma amshi, har ya buɗe baki zai yi ayye goyo. Sai kika ce Yefiri.

Ban ga fuskarsa ba, ina sunkuye. Ɗumin hawaye kawai na ji a wuyana, na zaci yarinyar ce ta yi min fitsari. Altagrasiya ta toshe baki da gyalenta. Yusra tana kuka tana dariya tana ce masa da Turanci ya ɗora mana, ya ɗora, bayan Mama zai ƙage. Ya ɗora ta a hankali, ya riƙe ƙafarta yadda aka riƙe tasa, na ja majanyi na ɗaure. Kika ce ya ɗauki Najat ya ɗora, kika sauke amshin ƙasa, kika kashe wayarki ko sallama babu. Halinki dai.

Na miƙe ina jijjiga, na ce wa Yusra leƙa min ita, ta ji sunanta? Ta leƙa ta ce, "Mama, ai tun ana kan sunan su Iya ta yi barci."

Yefri ya share fuska da hannun riga, ya sunkuyo daidai kunnen yarinyar. Da 'yar Hausarsa ta goyo, wadda na zaci ta daɗe da zubewa, ya ce mata, "Akwai sunanki. Na ji."

A gaida Yaya Kadri. Ki shafa wa gwiwar man da na aiko, kada ki ajiye shi a akwati.

Ƙanwarki,
Halimatu